Yadda Na Bi Sawun Hayaniyar Lantarki a Bod Mai Saurin Aiki

Bod ɗin da aka miƙo mini in duba, wato allon da ake liƙa kayan lantarki a kansa, na ɗaukar awo ne, mai hawa huɗu na jan ƙarfe da kaurin milimita 1.6, kuma aikinsa shi ne ya karɓi sigina daga na'urar da ke binciken ƙarfe da sautin da kunne ba ya ji, ya mai da ita lambobi, sannan ya tura wa kwamfuta ta hanyar USB. Nauyin aikin yana wuyan wani ayisi, wato ƙaramin guntu mai ɗauke da da'irar lantarki, da ake kira ADC, mai mai da sigina lambobi, mai bit 14, wanda ke ɗaukar awo sau miliyan 100 a daƙiƙa ɗaya. Kusa da shi akwai wani ayisin da ake kira FPGA mai tattara lambobin, da osileta mai ba da siginar agogo ta megahaz 100, da kuma regulato mai kunna-kashe wanda ke sauko da bolt 12 zuwa 3.3. Wanda ya zana bod ɗin ya riga ya koma wani aiki, saboda haka abin da na samu a hannu shi ne bod ɗin kansa, da zanensa, da ƙorafi guda ɗaya, wato awon yana fitowa da datti.

Ba a gyara abin da ba a auna ba, don haka na fara da neman adadi. ADC ɗin yana karɓar bolt 2 daga ƙasa zuwa sama, kuma da yake bit 14 ne, yana raba wannan tazara gida 16,384, ke nan kowane mataki bai wuce maikrobolt 122 ba. A lissafi, ADC mai bit 14 marar aibi zai ba da ratar desibel 86 tsakanin sigina da hayaniya, amma masu irin wannan sauri ba sa kaiwa can, kuma takardar bayanin wanda ke kan bod ɗin ta yi alkawarin kusan 73 ne. Na ba shi sigina ta megahaz 10, bayan na bi da ita ta cikin filta, domin janaretan sigina shi ma yana da nasa dattin da ke iya fin na ADC ɗin yawa, sai na samu abin da bai wuce desibel 62 ba. Tun da kowane desibel 6 daidai yake da bit ɗaya, an biya kuɗin bit kusan 12 masu amfani, ana cin moriyar 10 kawai.

Wani matashin injiniya da muke aiki tare ya riga ya ɗora tsinken osiloskof, na'urar da ke nuna siffar wuta a allo, a kan layin bolt 3.3, ya ga wutar tana tsalle har milibolt 200, ya ce mini, "Malam, ai ba sai an wahala ba, regulaton nan ne ya lalace, mu canza shi kawai." Na ce masa, "Injiniya, kafin mu taɓa dalma, ɗora bakin tsinken a daidai wurin da ka maƙala wayar giraun ɗinsa, mu ga abin da zai nuna." A ƙa'ida ya kamata allon ya nuna layi miƙaƙƙe, tun da wuri ɗaya ake gwadawa da kansa, amma sai ga tsallen nan kusan yadda yake. Dalili kuwa shi ne wayar giraun ta tsinken, wato wadda ake maƙalawa a wurin da da'ira ke ɗauka a matsayin bolt sifili, mai ɗan matsi kamar bakin kada, tsawonta ya kai santimita 15, kuma kowace milimita ta waya tana da indaktans, wato halin ƙin sauyin wuta farat ɗaya, na kusan nanohenri ɗaya. Idan aka haɗa nanohenri 150 da fikofarad 10 na bakin tsinken, za a samu da'irar da ke kaɗawa da kanta a wajen megahaz 130. Ban da wannan, wayar da tsinken suna yin zobe, kuma tun 1831 Michael Faraday ya nuna cewa duk zoben waya da maganaɗisu mai sauyawa ya ratsa, wuta za ta taso a cikinsa. Regulaton yana watsa irin wannan maganaɗisu, zoben yana kamawa, osiloskof yana nunawa kamar a layin yake.

Muka cire dogon matsin muka sa ɗan sifirin ɗin da ke zuwa tare da tsinken, wanda ke taƙaita hanyar giraun zuwa 'yan milimitoci, nan take tsallen ya faɗo zuwa abin da bai kai milibolt 30 ba. Domin in samu awon da zan dogara da shi har ƙarshen aikin, na liƙa siririyar wayar kowaks, mai waya a tsakiya da rigar ƙarfe a kewaye, da dalma kai tsaye a ƙafafu biyu na kapasitar da ke bakin fitar regulaton, na kai ta osiloskof. A ganina duk wanda zai yi farautar hayaniya a bod mai sauri ya kamata ya fara da tuhumar abin awonsa, domin da mun canza regulato a ranar, da mun ɓata lokaci da kuɗi kuma mu dawo inda muke.

Abu na gaba shi ne raba abin da ke shigowa daga waje da abin da bod ɗin ke haifarwa da kansa. Na cire adaftar bango na ba shi wuta daga batir, na kashe fitilar tebur, na zare cajar kwamfutar na bar ta a kan batirinta. Wata 'yar hayaniya mai yawo ta ɓace da zare cajar, abin da ya nuna akwai zoben giraun da ya bi ta wayar USB, ta kwamfuta, ta soket, ya dawo ta osiloskof. Na ga masu yanke wayar at ta osiloskof, wato wayar tsaro da ke haɗa jikinsa da ƙasa, domin su karya irin wannan zobe, kuma wannan ganganci ne da ke iya kashe mutum, saboda jikin na'urar na iya ɗaukar wutar gida ba tare da alama ba. Sai dai wannan duka bai ƙara mana ko desibel ɗaya cikakke ba. Ainihin matsalar tana cikin bod.

Daga nan na ajiye osiloskof na koma ga ADC ɗin kansa, domin babu na'urar awo a ɗakin da ta fi shi jin ƙaramar hayaniya. Na riƙa ɗaukar dubban lambobi ina yi musu FFT, wato lissafin da ke warware sigina ya nuna ƙarfin kowane yawan kaɗawa dabam. A hoton da ya fito, siginar megahaz 10 ta tsaya doguwa a wurinta, amma a gefenta akwai ƙayoyi biyu masu tsawo ɗaya, ɗaya a 9.5, ɗaya a 10.5. Akwai wasu ƙayoyi biyu a megahaz 20 da 40, sannan daɓen hayaniyar, wato matakin da hayaniya ke kwanciya a ƙasan hoton, gaba ɗaya ya ɗaga sama da inda ya kamata. Wannan hoton ne ya nuna mini cewa matsala ba ɗaya ba ce, aƙalla uku ne, kuma kowace da hanyarta. Na tsai da ƙa'ida cewa ba za a sauya abu biyu a lokaci ɗaya ba, kuma bayan kowane sauyi za a bar bod ya ɗauki zafinsa na aiki, a sake FFT, a ajiye hoton da bayanin abin da aka taɓa.

Ƙayoyin 9.5 da 10.5 sun fi saukin ba da suna, domin tazarar kilohaz 500 da ke tsakaninsu da siginar ita ce daidai yawan kunna-kashen regulaton. Sanin tushe abu ɗaya ne, sanin hanyar da ya bi ya iso ADC kuma wani abu ne dabam, kuma hanyoyin da ake zargi uku ne: ƙofar shigar sigina, ko wutar ma'auni da ADC ke gwada komai da ita, ko agogo. Na cire siginar na toshe ƙofar da resista mai om 50, sai ƙayoyin biyu suka ɓace, kuma babu wani abin a zo a gani a kilohaz 500 ɗin kansa. Wannan ya wanke ƙofar shiga, domin da ta nan hayaniyar ke zubowa, da an gan ta ko da sigina ko babu. Sannan na mai da siginar na ɗaga ta zuwa megahaz 30 ba tare da sauya ƙarfinta ba, sai ƙayoyin suka bi ta zuwa 29.5 da 30.5, kuma suka ƙara tsawo da kusan desibel 9.5. Da wutar ma'auni ce ke rawa, da tsawonsu bai sauya ba. Ƙarin desibel 9.5 kuwa ninki uku ne, daidai da yadda na ninka yawan kaɗawar siginar, kuma agogo ne kaɗai ke yin haka.

Abin da ke faruwa shi ne, ADC yana ɗaukar awo ne a daidai lokacin da siginar agogo ta tsallake wani mataki tana hawa. Idan wannan lokacin ya zo da wuri ko ya makara da ɗan kaɗan, za a auna siginar a wurin da ba nata ba, kuma girman kuskuren ya dogara ne da saurin da siginar ke hawa ko sauka a wannan lokacin. Sigina mai saurin kaɗawa ta fi saurin sauyawa, don haka kuskuren lokaci iri ɗaya ya fi yi mata ɓarna. Adadin da ake magana a kai ƙanƙane ne ƙwarai. A megahaz 30, karkarwar agogo ta fikosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin tiriliyan na daƙiƙa, tana hana awo wuce desibel 74 da rabi komai kyawun ADC, idan kuma ta kai fikosakan 5, iyakar ta faɗo wajen 60.

Na bi layin wutar osileta a zane, na ga mai zanen ya yi abin da kowa ke yi, ya sa ƙwayar ferait, ɗan kayan da ake sawa domin tare hayaniya mai sauri, tsakanin layin bolt 3.3 da osileta, ya bi ta da kapasita mai nanofarad 100. Da ido wannan filta ce mai kyau. Amma da na auna ɓangarori biyun da kowaks, na samu kaɗawar kilohaz 500 ba ta kai milibolt 10 ba kafin ƙwayar, bayanta kuwa ta kusan 30. Filtar da aka sa domin ta rage ita ce ke ninkawa. Om 600 da aka rubuta wa ƙwayar an auna shi ne a megahaz 100, inda take cinye hayaniya ta mai da ita zafi, amma a ƙasa da 'yan megahaz ba ta cin komai, indakta ce kawai mai wajen maikrohenri ɗaya. Idan aka haɗa maikrohenri ɗaya da nanofarad 100, lissafi yana ba da jituwar kaɗawa a kilohaz 503. Da gangan ma aka nemi a dace da regulaton, da wuya a dace haka. Wutar osileta tana rawa sau dubu 500 a daƙiƙa, jinkirin da ke cikin ƙofar fitarta yana rawa tare da ita, agogo yana gaba yana baya.

Kafin gyara na nemi tabbaci. Na ɗaga ƙwayar, na ba osileta wuta daga wata na'urar ba da wuta ta tebur wadda ba ta kunna-kashe, ƙayoyin biyu suka nutse cikin daɓe. Gyaran da na yi a kan bod ɗin shi ne na jera resista mai om 2.2 da ƙwayar, na ƙara kapasita mai maikrofarad 10 a gefen ta nanofarad 100. Resistar tana kashe jituwar, babbar kapasitar kuma tana sauko da bakin filtar zuwa 'yan kilohaz, nesa da inda regulaton ke aiki. Osileta tana jan wajen miliamfiya 25, don haka abin da resistar ke ci bai wuce milibolt 55 ba, kuma wannan yana cikin abin da aka yarje mata. Na zaɓi kapasita mai ɗan girman jiki, wadda aka yi wa wutar da ta fi 3.3 nesa, saboda kapasitocin yumɓu irin X5R da X7R suna rasa wani kaso mai yawa na ƙarfinsu da zarar an ɗora musu wuta, kuma ƙananan jiki sun fi yin haka. Wannan ya kai mu wajen desibel 65.

Daɓen da ya ɗaga shi ne ya fi cin lokaci, domin ba shi da adadi ɗaya da za a bi. Na yanko guntun kowaks, na lanƙwasa wayar tsakiya ta zama zobe mai faɗin kusan santimita ɗaya, na liƙa ƙarshenta a jikin rigar ƙarfen, na naɗe da tef domin kada ta haɗa wani abu, na riƙa zagaya saman bod ɗin da ita ina kallon osiloskof. A kan regulaton ta yi ƙara, kamar yadda ake tsammani. Abin da ya ja hankalina shi ne wani dogon layi a tsakiyar bod, inda babu wani ayisi, amma zoben yana kama hayaniya mai ƙarfi a tsawonsa duka. Da na buɗe zanen hawa na biyu, sai na ga an tsaga shimfiɗar jan ƙarfen giraun gida biyu, ɓangaren analog da ɓangaren lambobi, aka bar mahaɗa guda ɗaya siririya a can gefe, kusan santimita 4 daga ADC. Layin agogo yana tsallake wannan tsagar a hawa na sama, haka ma layukan bayanai 14 da ke tafiya daga ADC zuwa FPGA.

A nan ne zanen da'ira ke yaudarar mutum, domin a takarda giraun alama ce kawai da ake sa wa ƙarshen layi, kamar wuta tana ƙarewa a can. Wuta kuwa ba ta ƙarewa, dole ta koma inda ta fito. Idan tana tafiya a hankali, tana bazuwa cikin shimfiɗar ta bi inda turjiya ta fi ƙanƙanta, amma da zarar ta yi sauri sai ta bi inda indaktans ya fi ƙanƙanta, kuma wannan wurin shi ne daidai ƙarƙashin layin da ta fita ta cikinsa, domin a nan ne zoben fita da komowa ya fi matsewa. Tsagar ta yanke wannan hanya. Kamar ƙauyuka da yawa ne a bakin rafi da gada ɗaya tak: kowa sai ya bar hanyarsa ya zagaya, kuma duk a kan gadar za a yi cunkoso. Wutar komowa ta layukan bayanai 14 da ta agogo duk ta mahaɗar nan ɗaya suke bi, don haka duk abin da layukan bayanai suka yi, agogo yana ji.

Kada a raina abin da layukan bayanai ke ja. Kowane layi da ƙafar FPGA da ke ƙarshensa sun kai wajen fikofarad 10, kuma cika wannan da bolt 3.3 a cikin nanosakan ɗaya yana buƙatar miliamfiya 33. Idan layuka 14 suka juya tare, kamar yadda ke faruwa duk lokacin da sigina ta ratsa tsakiyar ma'auni, jimillar ta kusan rabin amfiya, kuma irin wannan sauyi na farat ɗaya yana tayar da kusan rabin bolt a kan nanohenri ɗaya kacal. Hanyar zagayen kuwa ta ninka haka sau da yawa. Ya kamata kuma a lura cewa ba megahaz 100 ɗin ne ke sa bod ya zama mai sauri ba, kaifin hawan siginar ne. Siginar da ke hawa cikin nanosakan ɗaya tana ɗauke da kaɗawa har wajen megahaz 350, ko da sau ɗaya take juyawa a daƙiƙa.

Ban zargi mai zanen da sakaci ba, domin raba giraun shawara ce da aka daɗe ana bayarwa, kuma tana da ma'ana a da'irori masu tafiyar hawainiya ko inda babu layin da zai tsallake tsagar. Ra'ayina dai shi ne, a bod ɗaya mai ADC ɗaya mai sauri, shimfiɗa guda marar tsaga ta fi, a raba analog da lambobi ta hanyar inda aka zaunar da kowane kaya. Idan layukan lambobi ba su bi ta ɓangaren analog ba, wutar komowarsu ma ba za ta bi ba, tun da a ƙarƙashinsu take tafiya.

Sake buga bod yana nufin aika zane zuwa Shenzhen ta ƙasar Sin, da biya da dala, da jiran makonni, don haka na so in tabbatar da hannu kafin a kashe ko sisi. Shimfiɗar tana hawa na ciki, ba a iya kai mata, amma akwai ramukan haɗi na giraun a ɓangarori biyu na tsagar. Na kankare koren fentin da ke kansu, na yanko tef na jan ƙarfe mai faɗi, na ɗinke tsagar da dalma a wurare da dama, musamman kusa da inda agogo da layukan bayanai ke tsallakewa. Faɗin yana da muhimmanci, saboda siririyar waya za ta dawo da indaktans ɗin da ake gudu. Daɓen ya sauka a fili. Daga nan na cire resistoci masu om sifili da mai zanen ya bari a bakin layukan bayanai, abin da na yaba masa a kai, na sa masu om 47 a madadinsu. Waɗannan suna rage kaifin hawan da yawan wutar da ake fizga, kuma jinkirin kusan rabin nanosakan da suke kawowa bai dami FPGA ba, tun da tsakanin awo da awo nanosakan 10 ne.

Layin agogo ya buƙaci kulawa ta dabam. Tsawonsa santimita 8 ne, sigina kuma tana tafiyar kusan santimita 15 a nanosakan ɗaya a bod irin na FR-4, wato kusan rabin saurin haske. Zuwa da dawowa ke nan ya kai nanosakan ɗaya, daidai da lokacin hawan siginar, kuma a irin wannan hali abin da ya bugi ƙarshen layi yana dawowa ya ɓata siffar hawan. Da tsinke mai sifirin na ga wani ɗan tsani a tsakiyar hawan, kusa da inda ADC ke yanke hukunci. Na sa resista mai om 33 a bakin osileta, wadda idan aka haɗa da turjiyar cikin osileta za ta kusan om 50 na layin, tsanin ya tafi. Ban yarda a ƙara ta fiye da haka ba, ko da yake abokin aikina ya so a sa om 100 domin siffar ta ƙara laushi, saboda agogon ADC kaifi yake so. Hawan da ya yi kwance yana ba kowace 'yar hayaniya damar ta zama kuskuren lokaci. Bayan waɗannan mun haura desibel 69.

Saura ƙayoyin megahaz 20 da 40. Waɗannan ba su ɓace ba ko da aka toshe ƙofa, ma'ana zubowa suke yi kai tsaye, amma na duba zanen daga farko har ƙarshe ban ga abin da ke kaɗawa a 20 ko 40 ba. ADC mai ɗaukar awo sau miliyan 100 ba ya iya bambance abin da ya haura megahaz 50, wato rabin saurinsa, iyakar da ake dangantawa da Harry Nyquist. Duk abin da ya haura nan yana naɗowa ya bayyana a ƙasa da wata fuska. Domin in gane fuskar gaskiya, na ɗaga osileta na ba ADC agogo daga janaretan sigina, na sauke shi zuwa megahaz 98. Ƙayar 40 ta koma 38, ta 20 ta koma 22. Abin da ke ba da 40 idan an cire shi daga 100, ya kuma ba da 38 idan an cire shi daga 98, shi ne 60. Abin da ya haura 100 da 20, ya haura 98 da 22, shi ne 120, ninkin 60. Ayisin USB kuwa yana magana da FPGA ne da agogon megahaz 60.

Hanyar da ya bi ma ta fito a zane. Filtar da ke tare duk abin da ya haura megahaz 50 an zaunar da ita ne a bakin soket ɗin shiga, daga nan layin sigina ya yi tafiyar 'yan santimitoci kafin ya isa ADC, kuma a wani yanki na wannan tafiya layin megahaz 60 yana biye da shi kafaɗa da kafaɗa. Abin da ya tsallako bayan filta babu mai tare shi. Na sa resista a bakin layin megahaz 60 domin rage kaifinsa, na kuma ƙara 'yar kapasita irin C0G mai 'yan fikofarad a daidai ƙafafun shigar ADC. Ƙayar 20 ta nutse, ta 40 ta ragu amma ba ta tafi ba, domin megahaz 60 ya yi kusa da zangon da muke buƙata, kuma kapasitar da za ta kashe shi za ta ci siginar ma. Wannan ba gyaran dalma ba ne, sai an raba layukan.

Na kuma koma kan regulaton na ɗan lokaci, saboda kapasitar shigarsa tana nesa da ƙafafunsa da fiye da santimita ɗaya, kuma zoben da ke tsakanin wannan kapasita da makunnai biyu na cikinsa shi ne inda wuta ke yankewa da dawowa farat ɗaya. Na liƙa ƙaramar kapasita mai nanofarad 100 a kan ƙafafun kai tsaye. Zoben kowaks ya nuna watsin ya ragu sosai, amma a FFT bambancin kaɗan ne, don haka ban ƙara ɓata lokaci a kansa ba.

Bod ɗin da aka yi wa faci ya tsaya a wajen desibel 71, kuma ya riƙe wannan bayan an rufe shi cikin akwatinsa na ƙarfe ya yi aiki ya yi zafi. A sabon zanen da muka shirya, hawa na biyu ya zama shimfiɗar giraun guda ba tsaga, osileta ta dawo kusa da ADC da layin da bai kai santimita 2 ba, kuma tana shan wuta daga nata regulaton LDO, irin wanda ba ya kunna-kashe, mai ƙarancin hayaniya, maimakon layin kowa da kowa. Filtar shiga ta matso bakin ADC, layin megahaz 60 ya koma hawa na ƙasa a ɗaya gefen bod, kuma duk inda layi mai sauri ya sauya hawa an dasa masa ramin giraun a gefensa domin wutar komowa ta samu inda za ta bi. Na kuma sa an bar ƙananan wuraren liƙa kowaks a kan kowane layin wuta da kan agogo, da gurbin resista da kapasita a bayan kowace ƙwayar ferait. Ƙayar megahaz 40 ce abu na farko da zan duba idan sababbin bod ɗin sun iso, da ƙofar shiga a toshe da om 50 da kwamfuta a kan batirinta.